Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina: Alƙali Ma Yana Da Na Gabansa

'Yan uwana mata, iyayena da yayyena da ƙannena, na Funtuwa da Malumfashi, na Bakori da Ɗanja da Ƙafur, har zuwa Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Sabuwa, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na mata. Uwargida, in kina kan aiki ne ki ɗan matso da rediyon kusa. Amarya, ki rage wutar murhu kada miya ta kama, don maganar tamu ta yau tana son natsuwa.

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin mata in an je ta'aziyya ko an haɗu a gidan suna. Za ki ji an ce wance an raba gadon mijinta an hana ta gona, ko an ƙwace mata 'ya'ya tun suna ƙanana, ko an ɗora mata kuɗin hul'i da ya fi ƙarfinta. In kika tambaya, to ba ta kai ƙara ba ne? Sai a ce, ai ta kai, alƙali ya riga ya yanke, sai haƙuri. Daga nan kowa ya yi shiru, a yi mata Allah ya saka, a tashi.

To wannan kalma ta "ya riga ya yanke" ita ce nake so mu duba yau. Kuma zan bi da ku ta tarihin wani dattijo da yawancinmu mun san sunansa, wasunmu ma sun taɓa hango shi cikin rawani ranar hawan salla. Ina nufin marigayi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, Mai Shari'a Mamman Nasir, Allah ya ji ƙansa. Mu dai a nan mun san shi da sarauta. Amma kafin rawani, shekara 14 ya yi yana shugabancin wata babbar kotu ta tarayya wadda babban aikinta shi ne ta sake duba hukuncin da wasu alƙalai suka riga suka yanke.

An haifi Mamman Nasir a 1929, ɗan gidan sarautar Galadiman Katsina ne. A wancan zamani yaron da za a kai makarantar boko sai an yi da gaske, don iyaye mata da yawa ɓoye 'ya'yansu suke yi a rumbu ko a bayan ɗaki in an ce ga masu ɗaukar yara nan sun shigo gari. Shi Allah ya nufa ya shiga, kuma ya yi nisa har ya kai Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1947. Wannan kwaleji ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka mayar Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya, ita ce ake kira Barewa. Daga nan ya nufi karatun lauya, wanda a lokacin babu inda ake yinsa a ƙasar nan, sai an haye zuwa Ingila. Ya je birnin Landan, ya yi karatu, aka tabbatar da shi lauya a wata tsohuwar majalisar lauyoyi mai suna Lincoln's Inn a 1955. A lokacin nan lauyoyi 'yan Arewa da yatsun hannu ɗaya za ki ƙirga su. Cikin tsararsa akwai wani Bakatsine ɗan uwansa, Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama ɗan Arewa na farko da ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya, daga 1987 zuwa 1995.

Da ya dawo gida, a 1956 ya kama aikin lauyan gwamnati a Jihar Arewa. A 1961 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ɗauko shi ya ba shi Ministan Shari'a na Jihar Arewa, yana da shekara 32 kacal a duniya. Ku tuna fa, lokacin nan ne aka gama yi wa tsarin kotunan Arewa babban gyara. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a Kaduna, wadda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama babban alƙalinta a 1962. Manufar kafa ta ita ce in alƙalin gari ya yanke hukunci kan aure ko gado ko riƙon maraya, wanda bai gamsu ba ya sami inda zai kai kukansa gaban malamai masana. Mamman Nasir ya riƙe wannan ma'aikata har zuwa watan Janairu na 1966, lokacin da sojoji suka yi juyin mulki aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Bayan wannan musiba bai bar aikin shari'a ba. Ya ci gaba da zama a Kaduna cikin manyan lauyoyin gwamnati, a Jihar Arewa ta Tsakiya wadda aka ƙirƙiro a 1967 ta haɗa lardin Katsina da na Zazzau. A 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka naɗa shi alƙali a Kotun Ƙoli ta ƙasa, wato kotun da daga ita sai Allah ya isa. A 1976 da aka ƙara jihohi suka zama 19, shi aka ba shugabancin hukumar da ta zagaya tana sauraron ƙorafe-ƙorafen iyaka tsakanin jihohi. Ke da kika san yadda rikicin iyakar gona ɗaya yake raba 'yan uwa a damina, sai ki kwatanta nauyin wanda aka ce ya raba iyakar jiha da jiha.

A wannan shekara ta 1976 ce kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda mutane suka fi sani da kotun afil. Kafin nan ƙararraki daga manyan kotunan yawancin jihohi kai tsaye suke tafiya Kotun Ƙoli a Legas, aiki ya yi mata yawa, ga nisa ga tsada. Sai aka sa wannan a tsakani, aka buɗe mata rassa, ɗaya daga cikin na farko a Kaduna. Shugabanta na farko, Mai Shari'a Dan Ibekwe, ya rasu a 1978. Sai aka damƙa ta ga Mamman Nasir, wanda ya riga ya zauna a Kotun Ƙoli. Wani zai ga kamar an sauko da shi ne daga sama zuwa ƙasa. Amma sabuwar kotu ce mai neman wanda zai kafa mata turaku, shi kuwa ya karɓa, ya riƙe ta daga 1978 har 1992. A cikin duk waɗanda suka shugabance ta babu wanda ya daɗe kamarsa.

Wata za ta ce, to Hajiya, ni da nake cikin gida, mene ne haɗina da kotun tarayya? Akwai haɗi kuwa, bari ki ji. A 1978, lokacin da wakilan ƙasa suka taru a Legas suna tsara kundin tsarin mulki, an yi zazzafar muhawara kan ko za a kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Abin ya yi zafi har wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren na ɗan lokaci. Matsayar da aka cimma ita ce ba za a kafa wata kotu daban ba, amma a cikin ita kotun afil dole a sami alƙalai aƙalla 3 masana shari'ar Musulunci, kuma duk ƙarar da ta taso daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, irin waɗannan masana ne za su zauna su saurare ta. Wannan tsari ya fara aiki da tsarin mulkin 1979, wato a hannun Mamman Nasir aka fara gwada shi, kuma tsarin mulkin 1999 ya bar shi yadda yake. Abubuwan da suka shiga ciki kuwa su ne aure da mutuwarsa, da riƙon yara, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi. Ki duba da kyau, ai duk abubuwan da suka fi taɓa mace ke nan.

Saboda haka bari in jera muku matakan, ku riƙe su kamar yadda kuka riƙe ma'aunin tiya da mudu. Mataki na farko kotun shari'ar Musulunci ta garinku, wadda a da ake kira kotun yanki, kakanninmu kuma suke cewa ɗakin alƙali. In ba ki gamsu ba, akwai Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, irin wadda take Funtuwa. In nan ma ba ki gamsu ba, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jiha a Katsina. Gabanta akwai kotun afil ta tarayya, wadda Galadima ya shugabanta. Gaban wannan kuma Kotun Ƙoli a Abuja. Hawa biyar ke nan. Gaba da gabanta, in ji Hausawa. Wanda ya ce miki alƙali ya yanke shi ke nan, hawa ɗaya ya nuna miki ya ɓoye huɗu.

Na san abin da ke damun wasunmu. Suna ganin ɗaukaka ƙara kamar raina alƙali ne, ko ma ƙin yarda da hukuncin Allah. A'a, 'yar uwa. Shari'ar Allah ba ta kuskure, amma alƙali ɗan Adam ne, yana iya mantuwa, ana iya ruɗarsa da shaidar zur, yana iya tsallake wata ƙa'ida. Uwar Muminai Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ita ta ruwaito hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa wani mai ƙara yakan fi abokin shari'arsa iya tsara magana har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma ya yi gargaɗin cewa wanda aka ba haƙƙin ɗan uwansa ta haka yankin wuta aka yankar masa. Haka nan Sayyidina Umar, a wasiƙar da ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari, ya hore shi da cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya in ya gane ta yau. Kin ga ashe sake duba hukunci ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana, yana nan cikin addininmu tun farko.

Kuma mu mutanen wannan yanki mun gani da idonmu. Manya daga cikinku za su tuna shari'ar wata baiwar Allah 'yar ƙasar Bakori, wadda duniya duka ta ji labarinta. A watan Maris na 2002 kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta Funtuwa, a watan Agusta na shekarar ta tabbatar da hukuncin. Aka sake ɗaukakawa zuwa Katsina. Ranar 25 ga Satumba, 2003, alƙalai 4 cikin 5 na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci suka soke hukuncin suka sallame ta. Da wace hujja? Da hujjar shari'ar Musulunci kanta. Suka ce alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu. Suka ce wanda ya yi iƙirari a irin wannan laifi yana da damar janyewa. Suka kuma kawo maganar kwantaccen ciki da malaman mazhabar Malikiyya suka yarda da ita ga matar da aurenta ya mutu. Malamai ne suka gyara wa malamai. Da ta tsaya a "ya riga ya yanke", da labarin ba haka ya ƙare ba.

To ba kowa ce za ta gamu da irin wannan babbar jarrabawa ba, Allah ya tsare mu. Abin da ya fi yawa a gidajenmu shi ne gado, musamman gona. Mu nan ƙasar noma ce, masara da dawa da auduga da waken suya su ne arzikinmu, kuma macen da ke cikin kulle ba ta zuwa gona, sau da yawa ma ba ta san iyakar gonar mijinta ko ta mahaifinta ba. Nan ne ake cin ta da yaƙi. Bari in ba da misali mai sauƙi. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata 1 da 'ya'ya maza 2 da mata 3. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, sai aka sami buhu 24 na masara. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, buhu 3 ke nan. Saura 21. Kowane ɗa namiji buhu 6, kowace 'ya mace buhu 3. Ƙanen mamaci ko wansa ba shi da ko ƙwaya, tunda akwai ɗa namiji. Yadda aka raba masarar nan, haka ake raba gona, haka ake raba gida, haka ake raba shanu. Babu inda Suratun Nisa'i ta ce mace ta gāji tukwane da tabarmi, maza su gāji ƙasa. In mata biyu ne ko uku ko huɗu, tumunin ne suke rabawa a tsakaninsu. In kuwa mamacin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, rabon matar rubu'i ne, kashi ɗaya cikin huɗu.

Yanzu ga abubuwa biyar da nake so kowace mace ta ɗaure a bakin zanenta.

Na farko, kulle ba ya hana ki neman haƙƙinki. Malaman fiƙihu sun yarda mace ta wakilta wanda ta amince da shi ya tsaya mata a gaban alƙali, ko mahaifinta, ko ɗan uwanta, ko ɗanta da ya mallaki hankalinsa, ko lauya. Amma ki zaɓi wakili da idon basira. Kada ki wakilta wanda shi ma yana da rabo a cikin abin da ake jayayya a kai, don ba a ba kura ajiyar nama. Kuma duk ranar da ya dawo daga kotu ki zaunar da shi ya gaya miki abin da aka ce da ranar da aka sa za a koma.

Na biyu, akwai wata ƙa'ida da ake kira i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci wajibi ne ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa, kana da sauran magana, kana da sauran hujja ko shaida? Wannan tambaya ba ta al'ada ba ce kawai, ginshiƙi ce, har manyan kotuna sukan rushe hukunci ɗungurungum in suka duba takarda suka ga ba a yi ta ba. To 'yar uwa, in aka zo nan kada kunya ta sa ki sunkuyar da kai ki ce babu alhali akwai. Kunya ado ce a gaban suruki, amma a gaban alƙali in ta hana ki faɗin gaskiyarki, 'ya'yanki ne za su biya.

Na uku, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. A ƙananan kotuna yawanci kwana 30 ne daga ranar da aka yanke hukunci. In kuwa daga kotun jiha ne za a tafi kotun afil ta tarayya a kan hukuncin ƙarshe na irin waɗannan ƙararraki, wata 3 ne. In lokaci ya wuce ana iya roƙon kotu ta ƙara, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi, kuma ba dole ne ta yarda ba. Don haka kada a ce bari a gama girbi, bari a sayar da auduga, bari a ga bayan salla. Ranar da aka yanke hukunci, a ranar wakilinki ya tambayi magatakardan kotu kwana nawa kuke da shi, wace kotu ce ta gaba, kuma nawa ne kuɗin kwafin shari'a. Tambayar wace kotu ce ta gaba tana da amfani, don rikicin gona da ba na gado ba, kamar na ciniki ko na iyaka, sau da yawa hanyarsa ta Babbar Kotun Jiha take bi. Duk kuɗin da aka biya kuma a karɓi rasit.

Na huɗu, takarda da shaidu. Kotun sama ba ta san ki ba, ba ta san gonar ba. Abin da aka rubuta a kotun ƙasa shi take karantawa. Saboda haka takardar rabon gado, da takardar saki, da takardar cinikin gona ko fili, da kwafin hukunci, ki nannaɗe su a leda ki sa a ƙasan akwati inda ruwa da gara ba za su kai ba. In ba ki iya karatun boko ba, ki sa 'yarki ko ɗanki ya karanta miki, kuma kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba, ko wa ya kawo ta.

Na biyar, shi ne wanda ya fi cin mata, wato dogon shiru. A mazhabar Malikiyya akwai abin da ake kira hauzi. In wani ya riƙe gona yana nomawa a fili kamar tasa, mai ita yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana, amma ya yi shiru har shekara 10, to in ya zo daga baya ba a cika sauraronsa ba. In tsakanin 'yan uwa ne malamai sun tsawaita wa'adin har shekara 40, saboda sanin kara da ke tsakanin dangi. Amma in an tabbatar aro ne ko jingina ko haya, to daɗewa ba ta mayar da ita tasa. Don haka in kika bar wa yayanki ko ƙanen mijinki gonarki ya noma, babu laifi, zumunci ne. Sai dai a faɗa a gaban mutum biyu adilai cewa aro ne, in da hali a rubuta, mai unguwa ya sani. Ko damin dawa ɗaya yake kawo miki duk kaka, wannan damin shaida ne cewa gonar tana da mai ita.

Ban ce kowace magana sai an kai kotu ba. Sulhu alheri ne, kuma shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Tana cin kuɗi, tana cin lokaci, wani afil ɗin yakan ɗauki shekaru. In dattawan gida ko liman ko mai unguwa ko hakimi za su iya sasantawa a ba kowa haƙƙinsa, wannan ya fi. Amma sulhu daban, danniya daban. Wadda ta san rabonta buhu 3 ne ta yafe ɗaya don Allah, ta yi sadaka, tana da lada. Wadda aka ce mata ba ta da komai ta yi shiru don ba ta sani ba, wannan cutarta aka yi. Wadda kuma ba ta da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a ta tarayya da aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A aika a tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Mu koma ga Galadima. A 1992 ya ajiye aikin alƙalanci, Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da 'Yanɗaka da Durɓi. Mutumin da manyan lauyoyin ƙasar nan suke rusuna wa a Legas, sai ga shi ya dawo gida yana sauraron maganar manomi da makiyayi, da rikicin iyakar gona, da ƙorafin talakawa. Gwamnati ba ta bar shi ya huta ba. A zamanin Janar Sani Abacha an ba shi shugabancin kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki ga farar hula. Shirin bai kai gaci ba, Abacha ya rasu a watan Yuni na 1998, kuma akwai waɗanda suka soki shirin da waɗanda suka yi aiki a cikinsa. Na faɗi wannan ne don tarihi ba a yi masa kwalliya, kuma shi ma ɗan Adam ne kamar kowane alƙali. Ya yi shekara 27 a kan sarauta, yana cikin na ƙarshe-ƙarshen ministocin Sardauna da suka rage a raye, har Allah ya karɓi abinsa ranar 13 ga Afrilu, 2019, yana gab da cika shekara 90. Wanda ya gaje shi a sarautar, Mai Shari'a Sadiƙ Abdullahi Mahuta, shi ma tsohon Babban Jojin Jihar Katsina ne.

Akwai wani abu guda da ya faru a kotun afil lokacin shugabancinsa da nake so iyaye mata su ji. A 1987 aka naɗa mace ta farko alƙali a wannan kotu, kuma 'yar Arewa ce, Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar ta Jihar Kano, wadda ta yi karatunta na farko a Zariya. Ita ce ta zo ta zama mace ta farko a Kotun Ƙoli a 2005, sannan mace ta farko Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Kujerar da Galadima ya zauna a kai kuwa, a 2014 wata 'yar Arewa, Mai Shari'a Zainab Adamu Bulkachuwa, wadda ta yi karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta hau ta, ta riƙe har 2020. Waɗannan duka wata uwa ce ta tashe su da asuba ta yi musu wanka ta tura su makaranta. Yarinyar nan da kike aza wa farantin talla da safe, in kika bar ta ta yi karatun allo da na Islamiyya da na boko, ko ba ta zama alƙaliya ba, aƙalla za ta karanta miki takarda kafin ki dangwala yatsa, kuma za ta lissafa miki tumuninki ba wanda ya rage miki mudu.

Kafin mu rabu, ga ɗan aikin gida. Yau da dare bayan an ci tuwo, ki buɗe akwatinki ki duba wace takarda kike da ita, wace ce babu. In kina da gona a hannun wani, ki tuna su wa suka san aro ce, kuma suna raye ko sun rasu. In maigida yana cikin walwala, ki tambaye shi cikin ladabi gonakinsa nawa ne, ina da ina suke, wace ce tasa wace ce ta gandu, akwai bashi ko jingina a kai. Ba fatan mutuwa ba ne, kowa ya san ranar tana nan tafe, kuma gara a sani tun ana tare. In kuma kin san wata maƙwabciya da aka yanke wa hukunci cikin 'yan kwanakin nan tana zaune tana kuka, ki aika mata cewa kwanakinta na afil suna tafiya, ta sa a tambayo mata tun wa'adi bai cika ba.

Allah ya ji ƙan Galadima Mamman Nasir, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa aljanna ce makomarsa, da shi da iyayenmu da suka riga mu. Allah ya ba alƙalanmu ikon yin adalci, ya kare mu daga cin haƙƙin wani, ya kare haƙƙinmu daga hannun wani. A gaishe da maigida da yara. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.